Kafin a rubuta hayaƙi a jikin buhun riɗinmu: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Kula da Sauyin Yanayi ta Ƙasa

Zuwa ga shugabannin Sakatariyar Majalisar Kula da Sauyin Yanayi ta Ƙasa, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni magatakarda ne na wata ƙaramar ƙungiyar manoma a masarautar Gumel ta Jihar Jigawa. Riɗi da zoɓo muke nomawa don kasuwa, gero da wake don ciki, wasunmu kuma idan damina ta ɗauke sukan gangara kwarin Haɗeja su yi shinkafar rani. An ɗora mini wannan aiki ne don na ɗan taɓa boko kuma ina da haƙurin riƙe biro, saboda haka duk takardar da ta shigo garinmu da sunan noma a hannuna take kwana. Na ga takardar rabon taki, na ga ta rance, na ga ta rajistar manoma wadda ake sabuntawa duk lokacin da aka yi sabuwar gwamnati. Yanzu wata sabuwa ta zo, ita kuma ba takarda ba ce ma, a cikin waya take, kuma saboda ita na rubuto muku.

Bara, bayan mun kakkaɓe riɗi, wani kamfani da ke saye a hannunmu ya turo samari biyu a kan babur, kowanne da wayarsa. Suka ce masu sayen riɗin a ƙasashen waje suna son sanin "sawun kabon" na kayanmu, wato yawan iskar da ke ɗumama duniya da aka fitar kafin a samu kilo ɗaya na riɗi. Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin darbejiya, ƙofar gidan mai unguwa, ni kuma na zauna tsakani ina tafinta. Wanda aka fara da shi wani dattijo ne a cikinmu, sa'an mahaifina, wanda ya fara noma tun ana dalar gyaɗa a Kano.

"Baba, kadada nawa ce gonarka?"

"Wacce daga ciki, ɗana?"

"Wadda ka shuka riɗi."

"To, ta bakin burtali ke nan. Idan ƙasa ta sha ruwa, shanu suna huɗe ta a wuni biyu."

Yaron ya dube ni, na dube shi. Wayar ba ta karɓar wuni biyu, lamba take so. Ya danna 1. Sai ya ce kilo nawa na taki aka zuba. Baba ya ce tiya huɗu ta kamfa, da ɗan ragowar yuriya da ya rage daga gonar gero, da takin gida mangala goma sha biyu. Wayar ta ce wace kamfa, mai 15-15-15 ko mai 20-10-10? Baba bai ga buhun ba, a kasuwa aka auna masa daga buhun da aka riga aka farke. Yaron ya zaɓi ta sama. Mangala ba ta cikin jerin, ya tsallake. Da aka zo kan yawan amfanin da aka samu, Baba ya ce buhu uku da tiya tara, bayan ya fitar da zakka. Wayar ta mayar da kowane buhu kilo 100, zakkar kuma ta bi ruwa. Geron da ke tsakanin kunyoyin riɗin da zoɓon da ya kewaye gonar babu wanda ya tambaya, don gurbin amfani ɗaya ne kawai a kan kowace gona.

Kafin la'asar sun gama da mutum arba'in da wani abu. Ban ga laifin yaran ba. Sun gaya mini a kan yawan fom ake biyansu, ga hanya mai nisa, ga caji yana ƙarewa. Amma ni da na zauna a wurin na san abin da ya tafi cikin wayoyin nan: kintace ne aka yi masa kwalliya da lambobi. Har yau kuma ba wanda ya dawo ya ce mana ga abin da lissafin ya bayar.

Abin ya tsaya mini a rai, sai na shiga bin diddigi. Manyan kamfanonin abinci na duniya sun ɗauki alƙawarin rage hayaƙinsu, da suka zauna lissafi sai suka tarar mafi yawansa a gonakin da suke sayen kaya yake tashi. Nestlé, masu Maggi da Milo, sun faɗa da bakinsu a 2020 cewa kusan kashi biyu cikin uku na hayaƙinsu daga noma yake fitowa. Ƙa'idojin lissafin ma an daɗe da rubuta su: akwai na GHG Protocol tun 2011, wanda ya sa kamfani ya ƙirga hayaƙin masu kawo masa kaya, akwai kuma ISO 14067 na 2018 kan sawun kabon na kowane kaya. Sai aka ƙera manhajoji irin su Cool Farm Tool, wadda aka faro a Jami'ar Aberdeen tare da Unilever, inda za ka zuba bayanin gona ta fitar maka da lamba. Mai shago a Turai ko Japan ya tambayi mai sarrafawa, mai sarrafawa ya tambayi mai fitar da kaya a Legas, shi kuma ya tambayi wakilinsa a Dawanau, tambayar ta yi ta gangarowa har ta faɗo kan tabarmar ƙofar gidan mai unguwarmu. Manhajar kamar injin niƙa take, abin da ka zuba mata shi za ta niƙa maka. Idan tsakuwa ka zuba, kada ka jira gari.

Ranku ya daɗe, ba ƙin lissafin nake yi ba. Mu da muke gefen hamada ba sai an yi mana wa'azin sauyin yanayi ba, muna ganinsa a ruwan da kan zo a makare ya ɗauke da wuri, da ambaliyar da ta cinye gonakin Jigawa a 2022. Kukana shi ne lambar da za a liƙa wa kayanmu ta zama gaskiya, don na ga inda irin waɗannan lambobi suke dosa. A yau tambaya ce. Gobe mai saye zai ajiye riɗin Najeriya kusa da na Sudan da Habasha da Tanzaniya ya zaɓi mai ƙaramar lamba, ko ya rage wa mai babbar lamba farashi. A Denmak ma maganar ta wuce nan, don a 2024 sun cimma matsaya cewa daga 2030 masu kiwo za su fara biyan haraji a kan hayaƙin dabbobinsu. Mun kuma ɗanɗana yadda abin yake idan Turai ta yanke hukunci a kan kayanmu: tun 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya da ake zuba masa a rumbu da sito, aka yi ta ƙara wa'adin. Wancan laifinmu ne, mun karɓa. Wannan karon bai kamata mu sha bulala a kan lambar da wani yaro ya danna don waya ta bar shi ya wuce shafi na gaba ba.

Bari in nuna muku da buhun yuriya guda. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, tunda kashi 46 cikin 100 ne. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, a ƙa'idarsa ta 2006 ya ce a ɗauka kashi 1 cikin 100 na naitirojin da aka zuba a gona yana tashi sama a matsayin iskar naitros oksaid. Ita kuwa wannan iska, kilo ɗaya nata yana ɗumama duniya kamar kilo 273 na kabon dayoksaid. Idan aka buga lissafin, buhu ɗaya ya tashi daidai da kusan kilo 100 na kabon dayoksaid, ban da hayaƙin da aka fitar a masana'anta wajen haɗa takin. Sai a 2019 kwamitin ya yi gyara, ya raba duniya biyu. Inda ake da damshi sosai, takin zamani ya koma kashi 1.6. Inda ake da ƙarancin ruwa ya sauka zuwa kashi 0.5, kuma a ƙasashen zafi irin namu iyakar ita ce milimita 1000 na ruwan sama a shekara, wanda ƙasar Gumel ba ta ko kusantarsa. Ke nan buhun nan guda, a gona guda, a hannun manomi guda, zai iya fitowa kilo 50, ko 100, ko kusan 160, gwargwadon gurbin da wani ya zaɓa a ofis a Legas ko Landan. Wanda ya ga "Najeriya" a taswira ya tuna da dazukan kudu zai iya ninka mana hayaƙi sau uku ba tare da mun motsa ko ɗan yatsa ba. Ban da haka, lissafin a kan kowane kilo na amfani ake raba shi. Mu da gonarmu ba ta bayar da yawa, ƙaramin kuskure a girman gona ko nauyin buhu yakan zama babba idan an raba.

Girman gonar ma magana ce. Binciken da Bankin Duniya ya yi a ƙasashen Afirka, inda aka gwada abin da manomi ya faɗa da abin da na'urar awo ta nuna, ya gano masu ƙananan gonaki sukan ɗauka gonarsu ta fi yadda take girma. Na gwada a kaina. Gonar da na gada, wadda tun ina yaro nake jin ana ce mata eka uku, na kewaye ta da waya sai ga ta biyu da 'yan kai.

Sai maganar gaurayen shuka, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Gonar Bahaushe ba ta zama da amfani ɗaya. Gero yana nan, wake yana rarrafe a ƙarƙashinsa, riɗi a tsakani, zoɓo ya tsare iyaka. Takin da ka zuba a gindin gero, riɗi ma ya sha. Waken ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, kowa ya amfana. To hayaƙin wa za a ɗora wa? Masu ƙa'ida sun ce ana iya rabawa bisa nauyi, ana iya rabawa bisa kuɗin da kowane amfani ya kawo. Idan bisa kuɗi ne, riɗi mai tsada shi zai ɗauki kayan kowa. Idan kuwa aka yi kamar yadda aka yi wa Baba, aka share geron gaba ɗaya, riɗin ya ɗauki har da laifin da bai ji ba bai gani ba. Haka aka tambaye mu ko muna ƙona karan gona, gurbin amsa biyu ne, a ƙone ko a bari a ƙasa. Wa zai ƙona kuɗi? Harawa ana ɗaure ta a ɗora a kan bishiya a sayar da bazara, karan gero ya tafi danga da rufin rumbu, ragowar kuma shanun Fulani su kiwata su bar mana kashinsu, yarjejeniyar da ta girmi kakanninmu. Ɗan abin da mata ke ƙonawa don tokar miya bai kai a buɗe masa shafi ba.

Wata tambayar ita ce yaushe aka sare wurin ya zama gona, don a ƙa'idarsu duk filin da aka sare cikin shekaru 20 ana ɗora hayaƙin saransa a kan amfanin. Ga kuma dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan sare daji, wadda ta ce koko da kofi da waken suya da manja da roba da katako da shanu sai an nuna inda gonarsu take a taswira, an kuma tabbatar ba a sare daji don su ba bayan ƙarshen 2020. Riɗi ba ya cikin jerin, amma 'yan'uwanmu masu waken suya a Kaduna da Binuwai suna ciki, kuma an ɗage ranar fara aiki da ita ne kawai, ba a soke ta ba. To mutumin da ya bar gonarsa ta huta shekara huɗu, sabara da geza suka rufe ta, ya dawo ya yi sassabe, me hoton tauraron ɗan'adam zai ce a kansa? Mu saura muke kiranta. Wanda bai san saura ba zai rubuta an sare daji.

Abin da ya ba ni dariya mai ciwo shi ne an tambaye mu itatuwan da muka sare, ba a tambaye mu waɗanda muka bari ba. A gonar Baba kaɗai akwai gawo bakwai. Gawo kuwa duk manomi ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, da rani ya yi kore dabbobi su fake a ƙarƙashinsa, geron gindinsa kuma ya fi na ko'ina. Ku tsallaka iyaka kaɗan zuwa Magarya da Matamaye da Mirya a jihar Damagaram, ku ga abin da manoma suka yi da sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana yi masa aski maimakon tumɓuke shi. Daga shekarun 1980 zuwa yau an ƙiyasta sun farfaɗo da kadada kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar. Na san masu ƙa'ida suna taka-tsantsan da lissafin iskar da itace ya shanye, suna son a ajiye shi daban, kuma suna da hujja. A ajiye shi daban ɗin, amma a rubuta shi. Littafin da ke da shafin bashi kawai, babu shafin biya, ba ɗan kasuwar da zai yarda da shi.

Masu shinkafar rani nasu ya fi sauƙin bayani. Shinkafar da ke tsaye cikin ruwa tana fitar da iskar metan, kuma Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta nuna cewa idan ana barin ruwan ya janye har kusan santimita 15 ƙarƙashin ƙasa kafin a sake ba da wani, metan ɗin yakan ragu kusan rabi, ruwa ma a yi tattalinsa. Mutanenmu masu injin ban ruwa suna yin haka ba don sun ji sunan cibiyar ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wa ke da kuɗin da zai bar fadama cike da ruwa kullum? Sai ƙasa ta fara tsagewa ake tayar da inji. Da yawa sun mayar da injin ya koma aiki da tukunyar gas, masu ɗan hali sun sa sola. Fom ɗin da na gani fetur da dizal kawai ya sani, shinkafa kuma a wurinsa kullum cikin ruwa take.

Kada in cika ku da kuka ba tare da na faɗi namu laifin ba. Mu ma muna ƙarya. Idan baƙo ya zo da waya yana tambayar gona, abu na farko da manomi zai auna shi ne: rabo ne ko karɓa? Idan ya hango tallafi, gonarsa za ta yi girma, takinsa ya yi kaɗan. Idan ya hango haraji, gonar ta tsuke. Dattawanmu ba su manta da zamanin haraji da jangali ba, wanda sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke a tsohuwar Jihar Kano, lokacin muna cikinta. Idan kuma aka ce za a kewaye gona da na'ura a ɗauki lambobinta, wasu gani suke shirin ƙwace ta ake yi, kuma ba za ka ce musu ba su da dalili ba, sun sha jin yadda filaye ke tafiya da sunan zuba jari. A ranar da nake ba ku labari, na ji da kunnena wani ya raɗa wa na kusa da shi, "Ka ce ba ka sa taki ba, ƙila su kawo." Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ba a gaya masa me za a yi da amsarsa ba, amsar da za ta kare shi zai bayar.

Amma kada wani ya ce manomi bai iya lissafi ba. Mutumin da ke fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka, ko ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban ruwa ya noma, ya san damin da ya ɗaure har na ƙarshe, don wannan lissafi ne tsakaninsa da Ubangijinsa. Ya san mangala nawa jakinsa ya kai gona, ya san galan nawa injinsa ya sha. Da ma'auninsa ya sani. Aikin mai ilimi ne ya ɗauki sikeli ya je kasuwar Gumel da Maigatari da Malam Madori ya auna tiyar kowace kasuwa, ta riɗi daban ta kamfa daban, ya auna mangala da amalanke da buhun dillali, ya fitar da jadawalin da waya za ta riƙa juyawa da kanta. Wannan aikin mako kaɗan ne ga malaman gona na JARDA, hukumar raya noma da karkara ta Jigawa, da masana na NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma da ke Zariya. Idan ba a yi shi ba, kowane kamfani zai ƙirƙiro nasa, ko ya ce buhu kilo 100 ne ya wuce.

Ranku ya daɗe, ga dalilin da ya sa ku na rubuta wa, ban tsaya kan kamfanin ba. Dokar sauyin yanayi ta 2021 ita ta kafa majalisarku, ta ɗora muku tsara yadda ƙasar nan za ta ƙirga hayaƙinta ta kuma rage shi, bayan alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a taron Glasgo na kaiwa ga daidaito tsakanin hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060. Kamfani yau yana nan gobe ya koma sayen citta. Ku ne za ku iya cewa ga fom ɗin da za a riƙa amfani da shi a gonakin Najeriya, da Hausa da sauran harsunanmu, har da ajami ga wanda shi ya iya, mai gurbin gaurayen shuka da saura da gawo da tukunyar gas. A cikinsa a bambanta lambar da aka auna da wadda aka kintata, ko da da alama ɗaya ce, domin mai karantawa a ƙetare ya san wacce zai taka da ƙarfi. A kuma sa mata cikin masu tambaya. Samarin nan ba su shiga gida ko ɗaya ba, alhali rabin zoɓon da ke fita daga garinmu daga gayaunar mata yake, su suka san abin da suka zuba.

Babban abin da nake roƙo shi ne awo a ƙasarmu. IPCC da kanta ta ce lambobinta na gama-gari na wanda bai auna nasa ba ne, duk ƙasar da ta auna tana da damar amfani da nata. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, muna da ta Badeggi wadda riɗi da shinkafa ke cikin aikinta, muna da cibiyar noman busasshiyar ƙasa a Jami'ar Bayero. A ba su kayan aiki da kuɗi su kafa akwatunan awon iska a jigawar Gumel da fadamar Auyo damina uku ko huɗu, su fito mana da lambar da za mu iya dafawa mu ce tamu ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da mai saye zai ce lambarku ta yi yawa, ba ranar ce za a fara neman na'ura ba.

Akwai kuma matsalar da fom kaɗai ba zai warware ba. Riɗin Baba buhu uku ba ya tafiya Japan shi kaɗai. Ɗan kasuwa ya saya a ƙauye ya juye cikin na wasu, a kai Dawanau a sake juyewa, a tankaɗe, a zuba a sabon buhu, kwantena ɗaya ta haɗa gumin ɗaruruwan mutane daga jihohi uku, wani ma daga Nijar ya tsallako. Idan an tambayi mutum arba'in a garinmu aka liƙa lambarsu a kwantenar, lambar wa ke nan? Gara a faɗi gaskiya a ce wannan matsakaicin yanki ne, a yi shi da kyau sau ɗaya, kowa ya yi amfani da shi, da a riƙa nuna wa mai saye kamar an bi kowane buhu har gona.

Sai haƙƙi. Samarin sun ɗauki sunayenmu da lambobin waya da hotuna da wurin da kowace gona take. Ba a karanta wa kowa wata yarjejeniya ba, ba a bar wa kowa ko guntuwar takarda ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar mutum, ko da wata hujja da dokar ta amince da ita, za a tattara bayanansa, kuma yana da ikon ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa. Ina roƙon ku haɗa kai da hukumar da ke kula da wannan doka a fitar da umarni a sarari: duk wanda ya ɗauki bayanin gona ya bar wa manomi kwafi, ya dawo masa da sakamako cikin harshen da yake ji, kuma kada ya miƙa wa wani ko ya yi cinikin kabon da shi sai ƙungiyar manoman ta sa hannu. Muna jin ana sayar da iskar da itatuwa suka shanye da dala. Kada a wayi gari gawon Baba ya shiga kasuwar duniya shi yana nan yana neman kuɗin tiya huɗu ta kamfa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Biyan ladan wannan aiki kuma ba sabon abu nake ƙirƙirowa ba. Arla, ƙungiyar makiyayan Turai masu madarar Dano da muke sha a shayi, tana ba makiyayinta santi ɗaya na yuro a kan kowane kilo na madara don kawai ya miƙa bayanan gonarsa na lissafin yanayi, kuma daga 2023 ta ƙara har santi uku ga wanda ya ɗauki matakan rage hayaƙi. Wannan makiyayi yana da kwamfuta da rasit da akawu, amma aka ga ya cancanci lada. Manoman Turai ɗin ma a farkon 2024 sun tare titunan Faransa da Beljiyam da taraktoci, kuma yawan cike-ciken takardu yana cikin abin da ya fito da su. Mu ba mu da taraktar tare hanya. Wuni guda da manomi ya bar masussuka ya zauna amsa tambaya yana da kuɗinsa, ko da naira kaɗan ce a kan kowane kilo, a rubuce a takardar ciniki inda zai gani. Ranar da ya ga gaskiyar amsarsa tana ƙara masa kuɗi, ba sai an roƙe shi ya daina raɗa ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin duniya, saboda haka idan masu sauran kason suna buƙatar lambobinmu don su cika alƙawarinsu, kuɗin tattarawa a aljihunsu ya kamata ya fito.

A namu ɓangaren ba mu zauna jira ba. Daminar bana na sayi littattafan rubutu irin na 'yan firamare, kowane mamba da nasa, yaransu 'yan makaranta suna rubuta musu: ranar shuka, tiyar taki da irinsa, mangalar takin gida, galan na mai, damin da aka ɗaure kafin zakka. Mun aro sikelin mai sayen zoɓo mun auna tiyar garinmu. Gonaki goma sha tara na kewaye da wayata kafin ta faɗa cikin kwalbati, sauran sai na gyara ta. Baba da farko ya ƙi, ya ce shi bai taɓa rubuta arzikinsa a takarda ba, sai da jikarsa ta ce ita za ta riƙe littafin a cikin jakar islamiyyarta.

A taronmu na ƙarshe mun yanke cewa idan samarin suka dawo za mu shimfiɗa musu tabarma, mu ba su ruwa da fura kamar bara, amma ba za a buɗe littafi ko ɗaya ba sai sun gaya mana wa zai karɓi bayanin, me za a yi da shi, da ranar da za su dawo mana da sakamako. Idan kuna da wakilin da za ku turo ya gani da idonsa, riɗi yana nuna daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Ya zo ranar Alhamis mu fara da kasuwar Maigatari, kuma don Allah ya taho da sikeli, namu na aro ne.

Wassalam.

Naku,
Magatakardan wata ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo,
Masarautar Gumel, Jihar Jigawa.